Yoyon rufi: Yadda ake gano shi da yadda ake gyara shi

A duk shekara, da zarar an yi ruwan farko, magidanta da dama a arewacin Najeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar kan kwana suna jera bokitai da robobi a tsakar ɗaki, suna jan katifa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Jama'a da yawa dai na ɗaukar yoyo a matsayin wani abu da ke zuwa tare da damina, wanda za a jure na 'yan watanni, idan kaka ta yi kuma a manta da shi.

Sai dai a wurin magina da injiniyoyi, ɗigon da ke sauka a bokiti ba shi ne farkon matsalar ba. Kafin ruwa ya kai ga ɗigowa cikin ɗaki, ya riga ya jiƙa katako ko azara, ya ratsa silin, wani lokacin ma ya bi ta kan wayoyin lantarki.

A daminar shekara ta 2024, hukumomin Nijar sun ce fiye da mutum 300 ne suka rasu sakamakon mamakon ruwan sama, wasu ruwa ne ya ci su, wasu kuma gidajensu ne suka rufta musu. A farkon watan Satumban wannan shekarar ne kuma tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan wani ruwa mai ƙarfi.

Shekara guda kafin nan, ranar 11 ga watan Agustan 2023, wani ɓangare na babban masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta kan masallata ana sallar La'asar, inda aƙalla mutum 7 suka rasa rayukansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai a lokacin cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana guda kafin aukuwar lamarin.

Ba kowane yoyo ne ke kaiwa ga rushewar gini ba. Amma galibi gini kan nuna alamu kafin ya faɗi, kuma yoyo na daga cikin alamun da suka fi saurin bayyana.

Ruwan da rufi ke ɗauka

Ruwan da ake samu a shekara ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Kaduna yakan haura milimita 1,000, a Sakkwato kimanin 600, a Damagaram kuwa kusan 400.

To sai dai abin da ya fi damun rufi shi ne yadda ruwan ke sauka. A wannan yanki kusan duk ruwan shekara na zuba ne cikin watanni uku zuwa biyar, mafi yawansa a watannin Yuli da Agusta, kuma sau da yawa da iska mai ƙarfi a gabansa.

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya daidai take da lita ɗaya. Ke nan gidan da faɗin rufinsa ya kai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, lita 5,000 ce za ta sauka a kansa, wato duro 25 masu cin lita 200.

Duk wannan ruwa dole ne ya sami hanyar sauka cikin ɗan lokaci. Idan ya tarar da hanyar a toshe, ko ya sami wurin kwanciya, sai ya nemi wata hanyar, komai ƙanƙantar kafar da zai samu.

Neman kafar

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne ya san inda ruwan ke ɗiga, amma ba lallai ba ne ya san inda yake shigowa.

Ruwan da ya shiga ta wata huda a kwano kan bi ƙarƙashin kwanon ko jikin katako ya gangara, wani lokacin tsawon mita biyu ko uku, sai ya ci karo da ƙusa ko mahaɗar katako sannan ya ɗiga. Saboda haka wanda ya hau sama ya liƙe daidai saitin tabon da ke jikin silin, sau da yawa yakan yi aikin banza. A kullum kafar tana saitin tabon ne ko kuma sama da shi ta ɓangaren da rufin ya fi tudu.

Mataki na farko shi ne lura a lokacin da ake ruwan. A sa alli a zagaye duk inda ya jiƙe, a kuma kula da lokacin da ɗigon ke farawa.

Idan yoyon na farawa da zarar an soma ruwa, akwai yiwuwar huda ce a fili. Idan sai an daɗe ana ruwa yake farawa, to mai yiwuwa magudana ce ke cika ta tumbatsa, ko kuma ruwa ne ke kwanciya a sama. Idan kuwa ba ya yi sai ranar da aka yi ruwa da iska, to a duba mahaɗar kwanuka, da ƙololuwar rufi, da inda kwano ya haɗu da bango, domin ta nan ne iska ke tura ruwa ya shiga.

Mataki na biyu shi ne leƙa cikin silin da tsakar rana. Duk inda hasken rana ya ratso, ruwa ma zai iya ratsowa. Da tocila kuma za a ga sawun ruwa a jikin katako, baƙi-baƙi ko ja-ja, wanda idan aka bi shi zuwa sama yakan kai mutum ga tushen matsalar.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, sai a yi gwajin ruwa a ranar da rufin yake a bushe. Mutum ɗaya ya hau da tiyo ko bokiti, ɗaya kuma ya tsaya a ciki yana kallo.

Ƙa'idar ita ce a fara zuba ruwan daga ƙasan rufin, a dakata na wasu mintuna, sannan a matsa sama kaɗan-kaɗan. Wanda ya fara daga ƙololuwa zai jiƙa rufin gaba ɗaya ne, kuma ba zai san ta inda ruwan ya shiga ba.

Idan silin ya yi ciki ya zazzago saboda ruwan da ya taru a kansa, a fara kashe wutar ɗakin daga babban makunni, a ajiye bokiti, sannan a huda tsakiyar kumburin da ƙusa domin ruwan ya tsiyaye. Ƙaramar huda ta fi sauƙin gyara a kan silin da ya faɗo gaba ɗaya, musamman irin na farar ƙasa da ake yayi a yanzu, wanda ke da nauyi sosai.

Ba kowane danshi ne yoyo ba

Kafin a kira kafinta, yana da kyau a tabbatar cewa rufin ne ke da laifi.

Tabon da ke bayyana ko da rani na iya kasancewa daga tankin ruwan da ke sama ne, ko bututun da ya fashe, ko kuma ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke zubarwa.

Haka kuma kwano kan yi zufa. Da asuba, idan ya yi sanyi, tururin girki ko na wanka da ya taso daga cikin gida kan daskare a ƙarƙashinsa ya riƙa ɗiga. Maganin wannan shi ne a buɗe wa iska kafofin shiga da fita a cikin silin, ba faci ba.

Danshin da ke fitowa a gindin bango, yana ɓantare fenti yana barin farin gishiri, shi kuma daga ƙasa yake tasowa, ko daga ruwan da ke zuba daga rufi yana fantsama a jikin bangon.

Rufin kwano

A yawancin gidajen kwano, ƙusa ce ke fara ba ruwa hanya.

Dalili kuwa shi ne ƙarfe na miƙewa idan ya yi zafi, ya kuma tsuke idan ya huce. Dogon kwanon alminiyam mai tsawon mita 10, idan bambancin zafinsa tsakanin tsakar rana da asuba ya kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas, yakan ƙaru da kusan santimita ɗaya. Na ƙarfe yakan yi kusan rabin haka. Wannan shi ne ƙarar da ake ji kwano na yi da hantsi da kuma bayan faɗuwar rana.

Wannan motsi na kullum kan sassauta ƙusa, ya faɗaɗa raminta, yayin da zafin rana ke busar da robar da ke ƙarƙashin hularta har ta tsattsage.

Mayar da ƙusar da ta ɗago cikin raminta da guduma ba ya daɗewa, domin ramin ya riga ya yi mata yawa. Abin da ya fi shi ne a cire ta a sa wadda ta fi ta kauri, ko kuma irin ƙusar da ake murɗawa, mai sabuwar roba. A ɗaure ta daidai yadda robar za ta kwanta, kada a matse har kwanon ya lotsa.

A kwano mai tudu da kwari, a kan tudun ake buga ƙusa, domin kwarin shi ne hanyar ruwa. Duk ƙusar da aka gani a cikin kwari, ko wadda ta kuskure katako ta tsaya a iska, wuri ne da ya kamata a fara zargi.

Abu na biyu shi ne mahaɗa. A gefe da gefe, ana son kwano ya hau kan ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi. A tsaye kuma, na sama ya rufe na ƙasa da aƙalla inci 6, wato santimita 15, a ƙara a kan haka idan rufin ba shi da gangare sosai.

Wasu masu aikin kan rage wannan hawa domin bandir ɗaya, mai kwano 20, ya rufe wuri mai yawa. Mai gida kan ga kamar ya sami sauƙi, amma ribar ba ta wuce daminar farko.

Da yake galibin hadarin wannan yanki daga gabas yake tasowa, ƙwararrun kafintoci kan jera kwano ta yadda bakin mahaɗar zai juya wa gabas baya, domin kada iska ta cusa ruwa ta ciki.

Abu na uku shi ne tsatsa. Idan ba ta ci kwanon ba tukuna, ana iya kankare ta da burushin ƙarfe, a shafa fentin hana tsatsa, sannan a bi da fentin rufi.

Ƙaramar huda kuma ana liƙe ta da silikon ko da faci mai kwalta da fuskar alminiyam, wanda ake sayarwa a naɗe. Sharaɗin dai shi ne wurin ya kasance a bushe, an goge ƙura da tsatsa, kuma facin ya zarce hudar da kamar faɗin yatsa uku ta kowane gefe.

Narkakkiyar kwalta da tsumma, wadda aka saba amfani da ita, na iya tsayar da yoyo na ɗan lokaci, sai dai rana kan busar da ita ta tsage, ruwa kuma ya riƙa kwana a ƙarƙashinta yana cin kwanon.

Haka nan duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyin da ake ɗorawa domin kada iska ta yaye rufi, suna tare ruwa da datti, tayoyin kuma na zama matattarar sauro. Abin da ke hana iska ɗauke rufi shi ne ɗaure katakon da bango da ƙarfe tun daga lokacin gini.

Wajen sayen sabon kwano, kauri na da muhimmanci. A kasuwa ana samun na alminiyam mai kaurin milimita 0.45, da 0.55, har zuwa 0.7, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha kama kwanukan da ba su kai kaurin da ta ƙayyade ba. Kwanon da ya cika siranta kan lotsa idan aka taka shi, ya kuma yage a bakin ƙusa idan iska ta taso.

Rufin da ke ɓoye a bayan rawani

A 'yan shekarun nan an rungumi salon ginin da ake ɗaga bango ya zarce kwano, ta yadda ba a ganin rufin daga waje. Yana da kyan gani, yana kuma kare kwano daga iska, amma yana tara duk ruwan rufin a cikin magudana guda ta siminti da ke bin jikin bango.

A tsawon rani, ƙurar hunturu, da ganyen darbejiya, da ledoji, da sheƙar tsuntsaye kan taru a wannan magudana. Idan ruwan farko ya zo ya tarar da bututun a toshe, sai magudanar ta cika, ruwan ya koma ta ƙarƙashin bakin kwano ya zube cikin silin kamar da bakin ƙwarya.

Gyaran farko a nan ba ya buƙatar ko sisi, wato tsintsiya da shebur. Bayan haka sai a duba tsaga a cikin magudanar, a ƙara yawan bututun ko girmansu, a kuma huda wata kafa ta ko-ta-kwana a jikin rawanin, ƙasa da bakin kwano, domin idan bututu ya toshe ruwan ya zuba waje.

Inda kwano ya haɗu da bango kuma, cusa siminti kawai ba ya riƙewa, saboda kwanon na motsi simintin kuwa ba ya yi. Ana buƙatar wani sirin kwano da za a lanƙwasa, a cusa bakinsa na sama cikin tsagar da aka yanka a bango, na ƙasan kuma ya kwanta a kan rufin.

Rufin soro

A tsofaffin unguwannin Kano da Katsina da Zariya da Damagaram da Agadas, da kuma ƙauyuka da dama, har yanzu jama'a na kwana a ƙarƙashin rufin ƙasa, wanda ya fi kwano sanyi da bazara, ya kuma fi shi ɗumi da hunturu.

Ana yin sa ne da azara, wato gangar giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika ci ba. A kanta ake shimfiɗa zana ko asabari, sannan a bi da ƙasa.

Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida. Wannan ne ya sa magina suka ƙirƙiro dabarun baka da ɗaurin guga domin rufe manyan zauruka, fasahar da ta kai ƙololuwa a masallacin Zariya, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina a shekarun 1830.

Magina na da sun san cewa ƙasa kaɗai ba ta tare ruwa, don haka suke bin ta da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko kuma da laso.

Laso haɗi ne na abubuwa uku: katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini wanda ake ƙonawa a daka, da gashin jima daga majema, da kuma ruwan dafara mai yauƙi. Idan ya bushe yakan yi tauri kamar siminti, ya kuma yi shekaru kafin a sabunta shi.

Sai dai yayin da marina da majemu suka ragu, laso ya yi wuyar samu, masu haɗa shi ma sun yi ƙaranci. Abin da ya maye gurbinsa a gidaje da yawa shi ne ƙarin ƙasa duk shekara, kuma a nan ne babban haɗarin yake.

Ƙasa mai kaurin santimita 10 na da nauyin da ya haura kilo 150 a kan kowane murabba'in mita, tun kafin ta sha ruwa. Gidan da ake ta jibga masa sabuwar ƙasa a kan tsohuwa na ɗora wa azararsa kayan da ba a yi ta dominsu ba. Idan azarar ta lanƙwasa, tsakiyar rufin kan yi kwari, ruwa ya kwanta a wurin, ƙasar ta ƙara nauyi, azarar kuma ta ƙara lanƙwasa.

Saboda haka gyaran da ya dace shi ne a fara kankare ƙasar da ta mutu, a tumɓuke ciyawar da ta tsiro, a toshe ramukan ɓera da na tururuwa, a buɗe tsagogi a jiƙa su sannan a cike su da sabon kwaɓi, a kuma dawo da gangaren rufin zuwa bakin indararo.

Masu shimfiɗa leda a tsakanin ƙasa su tabbatar ta hau kan juna sosai, ta ɗan haura jikin rawani, ta kuma kai har cikin indararo, sannan a rufe ta da ƙasa domin rana na cinye ta. Ledar da aka shimfiɗa a wurin da ya yi kwari tafki kawai za ta zama.

Yaɓa siminti a kan ƙasa shi ma ba ya cika yin amfani. Ba ya kama ƙasar da kyau, yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, ƙasar ta yi ta jiƙewa a ɓoye alhali daga waje ana ganin komai lafiya.

Indararo kuwa shi ne ran rufin soro. Ya kamata ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, a liƙe gindinsa da kyau, a kuma jera duwatsu a inda ruwan ke sauka domin kada ya zaizaye tushen ginin.

Akwai alamun da idan aka gan su, ba batun faci ake yi ba. Idan azara ta fara ƙara ko ta karye, ko ƙasa na zubowa daga sama, ko tsagar bango na ƙara buɗewa, ko ƙofa ta ƙi rufuwa haka kawai, to a fitar da iyali daga ɗakin a daren, a nemi magini da safe.

Rufin kankare

Jama'a da dama na zaton rufin kankare, wanda aka fi sani da dekin, ba ya yoyo. Amma kankare na shan ruwa a hankali, yana kuma tsagewa, musamman idan an rage siminti ko ba a shayar da shi ruwa sosai ba a kwanakin farko bayan an zuba shi.

Ana son irin wannan rufi ya kasance da gangaren santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita. Idan kwana biyu bayan an ɗauke ruwa har yanzu akwai wanda ke kwance a sama, to gangaren bai yi ba.

Haɗarin a nan shi ne rodin da ke ciki. Idan ruwa ya kai gare shi yakan yi tsatsa, tsatsar kuma ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Jan tabo a ƙasan dekin, ko ɓantarewar siminti har rodi ya fito fili, alama ce da ke buƙatar injiniya ya gani kafin a yi komai.

Domin gyara, ana buɗe tsaga a share ta a cike, a gyara gangaren da sabon daɓe, sannan a shimfiɗa abin hana ruwa. Wanda aka fi amfani da shi shi ne shimfiɗar kwalta mai kaurin milimita 3 zuwa 4 da ake mannawa da wutar gas. Ana son kowane layi ya hau kan na kusa da shi da santimita 10, ya kuma haura jikin bango da aƙalla santimita 15.

Kafin a sallami mai aiki, a toshe bututun, a tara ruwa mai zurfin kamar santimita 5 a bar shi kwana ɗaya ko biyu, a ga ko zai ratso.

Haka kuma a kula da masu kafa tanki, da faifan tauraron ɗan Adam, da faifan sola. Kowace huda da suka yi a rufi, ko na kwano ko na kankare, sai an liƙe ta kafin su sauko.

Lafiyar iyali da ta mai gyara

A shekara ta 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani jagora kan danshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta ce zama a irin waɗannan ɗakuna na ƙara haɗarin tari, da cututtukan numfashi, da tashin asma. Don haka bayan an toshe yoyo, a buɗe tagogi, a shanya katifu da darduma, a kuma cire silin ɗin da ya riga ya ruɓe.

Gidaje da makarantu da dama da aka gina a shekarun 1970 da 1980 na da rufi ko silin na asbesto. Hukumar ta ce kowane nau'in asbesto na haddasa cutar daji, kuma fiye da mutum 200,000 ne ke mutuwa duk shekara a duniya sakamakon shaƙarsa a wuraren aiki. Ƙurarsa ce ke da illa, saboda haka kada a yanka shi, ko a huda, ko a kankare shi a bushe. Tsohon asbesto kuma kan karye nan take idan aka taka shi.

Kada a hau rufi yana jiƙe, ko hadari na haɗuwa. A kafa tsani ta yadda gindinsa zai nisanci bango da mita ɗaya a kowace mita huɗu ta tsawo, wani kuma ya riƙe shi. A kan kwano, a taka layin ƙusoshi kawai, domin nan ne katako yake. A kuma yi hattara da wayar lantarkin da ta shigo gida, musamman a lokacin da ake ɗaga dogon kwano.

Kamar yadda aka saba a al'ada, a sanar da maƙwabta kafin a hau, domin iyalansu su kintsa.

Faci ko sauyi?

Idan kwano ɗaya ko biyu ne suka lalace, sauya su ya wadatar. Amma idan tsatsa ta bi mahaɗa da layin ƙusoshi a ko'ina, ko katakon ya ruɓe har ƙusa ba ta kama shi, to kuɗin da za a riƙa kashewa a faci duk shekara zai iya zarce na sabon rufi.

Kafin a ɗora sabon kwano, a soka wa katakon tsinin wuƙa. Inda ta shige ba wuya, gara ko ruwa sun gama da shi, kuma dole a sauya shi a shafa wa sabon maganin gara.

Yana da kyau a nemi mai aiki ya nuna kafar da ya gano, ko da a hoton wayar salula ne, a kuma yi yarjejeniya tun farko cewa za a riƙe wani kaso na kuɗin aikin har sai an yi ruwa an gani.

Ga 'yan haya, bisa al'ada gyaran rufi na wuyan mai gida ne, amma rigima kan taso idan ɗan haya ya yi gyaran da kuɗinsa ba tare da an rubuta cewa za a cire a kuɗin haya ba. Haka nan indararon da ke zuba a bangon maƙwabci ko a tsakar gidansa na daga cikin ƙorafe-ƙorafen da masu unguwanni suka saba saurare da damina.

Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowace jiha. A kudancin Kaduna da Neja ruwan kan fara tun watan Afrilu ko Mayu, a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi kuwa sai wajen watan Yuni yake kankama.

Wannan na nufin watannin Maris da Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta lafa, su ne lokacin da ya fi dacewa a hau a share, a duba, a gyara, tun rufi yana bushe kuma kafintoci da magina ba su yi wuyar samu ba. Sai kuma a sake dubawa bayan iskar farko ta damina, wadda galibi ita ce ke ɗaga kwano ta sassauta ƙusoshi kafin marka ta sauka a watan Agusta.